Shanun da Ba Su Samu Wuri a Na'ura Ba

Na yi shekaru ina bin rugage a kan babur da akwatin allura, amma ban taɓa shan wahala a kan mutum ɗaya ba kamar yadda na sha a kan Alu kafin ya yarda a ƙirga masa shanu. Sunana Sabitu. A lokacin ni malamin dabbobi ne a wani shiri na kula da lafiyar dabbobi mai ƙaramin ofis a Dutsin-Ma. Shekarar 1989 ce, shekarar da aka kawo mana kwamfuta, aka kuma aiko daga hedikwata a Kaduna cewa an daina raba allurar rigakafin ciwon huhu da ka. Kowace gunduma sai an ƙirga shanunta, an shigar a na'ura, an kwafe a faifan kwamfuta an aika musu. Wanda ya shiga faifai zai samu allura. Wanda bai shiga ba, a wajensu babu shi a duniya.

Alu yana da ruga a gefen Ɗantutture, ta wajen Kurfi. Dattijo ne, Bafulatanin da Fulatanci ya kusa ƙare wa a baki, yana noman gero yana kiwo. A gidansu ba a ƙirga shanu. Ya san kowace saniya da sunanta da uwarta da kakarta, in ɗaya ta yi ɓatan kai tun daga nesa zai gane, amma a tsaya ana nuna su da yatsa ana cewa ɗaya, biyu, wannan a wajensa kiran asara ne. Ga kuma tabon jangali da bai gama warkewa a zukatan irinsu ba. Sauran rugagen yankin duk bakinsa suke kallo, don haka in bai yarda ba, babu mai yarda.

Na yi ta zarya har tayar babur ɗina ta san hanyar. Ran da na ci sa'a, muna zaune a gindin wata tsamiya, gwaggonsa da kowa ke kira Gogo tana gefe tana kaɗa nono, tana jin mu sarai.

Alu ya ce, "Malam Sabitu, wai mi za a yi da lissahin nan?"

"Allura, Baba Alu. In ba su san yawansu ba, ba za su aiko ba."

"Da can da ba su sani ba, ba su aikowa?"

"Suna aikowa. Yanzu an canza."

Gogo ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Abin da Allah Ya ba ka ba ka tsayawa kana auna Mai shi. Ni dai na hwaɗa."

Alu ya murza gemu. Can ya ce, "Ni ban san wata na'ura ba, ban san Kaduna ba. Kai na sani. In na bari ka ƙirga, allurar za ta zo?"

Na ce za ta zo. Na faɗa da ƙarfin gwiwa, don a ganina babu abin da zai hana. Ya ce to in ƙirga a zuci, kada in furta, kada kuma in taɓa gaya masa adadin. Ya ɗauki sandarsa ya tafi rijiya har na gama. Cikin mako biyu duk rugagen Ɗantutture suka biyo bayansa. Saboda wannan jan ƙafar ne gundumar ta zama ta ƙarshe da na kawo ofis, bayan Dabawa da Kutawa da sauran duk sun shiga.

Kwamfutar tana da ɗakinta ita kaɗai, kuma shi ne ɗaki ɗaya tilo mai na'urar sanyaya iska a ofishin. Ana cire takalmi a bakin ƙofa. An ɗinka mata riga ta atamfa da ake rufe ta in an tashi aiki. Mai aiki da ita Magdalina ce, da muke kira Maman Alfred, mutuniyar kudancin Kaduna da ta yi shekaru tana buga mana tafireta kafin a tura ta kwas. Mace ce mai tsananin kiyaye ƙa'ida, mai 'ya'ya uku da miji da ba ya da cikakkiyar lafiya. Wannan aikin shi ne rufin asirinta, kuma ta san haka.

Wanda ya haɗa na'urar wani Tomas ne daga Kaduna. Kafin ya tafi ya sa mata wani tsari na tsaro, ya ce akwai cutar da faifai ke ɗaukowa daga wata na'ura ya zuba wa wata. Mu dai muka sa wa tsarin suna Maigadi. Aikinsa shi ne duk lokacin da aka kunna na'ura, sai ya zagaya duk abin da ke cikinta ya rubuta yadda ya same shi, don in wani abu ya canza gobe ya gane. In ya gama sai ya yi tambaya da Turanci, ko a ajiye rahoton da ya rubuta a baya ko a zubar. Maman Alfred kullum ajiyewa take zaɓa. Ban ga laifinta ba. A ofishinmu ko takardar da aka yi kuskuren bugawa ba a yagawa, ja mata layi ake yi a sa a fayil.

Abin da babu wanda ya lura da shi shi ne, a Dutsin-Ma wuta tana ɗaukewa ta dawo sau babu adadi a yini, kuma duk dawowarta sabuwar safiya ce a wajen Maigadi. Sai ya sake zagaye, ya sake rahoto. Kuma da yake tsoffin rahotanninsa ma suna cikin na'urar, su ma sai ya lissafa su a sabon. Kowane rahoto ya fi na bayansa ƙiba. Wata da watanni yana wannan aikin ba dare ba rana, mu kuma muna cire takalmi muna yi masa ladabi.

Ran da na kawo takardun Ɗantutture na tsaya a bayanta, don ina son in ga shigarsu da idona. Ta buga sunan gunduma, ta buga layin farko, sai na'urar ta yi wani ɗan kuka. Ta sake bugawa, na'urar ta sake yin kukan. Maman Alfred ta gyara tabarau ta karanta abin da ya fito.

"Malam Sabitu, ta ce babu wuri."

"Wane irin babu wuri? Akwati ce?"

"Cikinta ya cika. Ba ta karɓar ko layi ɗaya."

Ta yi ta dube-dube har azahar kafin ta gano. Duk shanun gundumominmu da sunayen masu su, ɗan lungu kaɗan suka ci. Sauran wurin duk rahotannin Maigadi ne, jere reras, ta yi ta danna maɓalli suna wucewa ba su ƙare ba. Na ce to ai abin da sauƙi, ta goge su. Ta ce Maigadi ba ya yarda a taɓa kayansa sai da kalmar sirri, kuma Oga kaɗai Tomas ya faɗa wa.

Ogan namu Alhaji Mamuda ne. Ba mugu ba ne, wallahi ba mugu ba ne, kuma wannan ne ya fi ba ni haushi, don da mugu ne da na san yadda zan yi da shi. Saura masa ɗan lokaci ya yi ritaya. A wani ofis da ya taɓa riƙewa ya ba da umarni an ƙona tsoffin fayilolin da gara ta cinye, masu bincike suka zo suka ce ya ɓatar da shaida, aka dakatar da shi kusan shekara kafin a wanke shi. Tun daga nan in ya ji kalmar gogewa ko ƙonawa sai jikinsa ya yi sanyi.

Muka je wajensa, ya saurare mu, ya cire hula ya shafa kai. Ya ce, "Maman Alfred, waɗannan rahotannin, na'urar ohis ce ta rubuta su?"

"Ita ce, Oga."

"A lokacin aiki?"

"E, Oga."

"To sun zama takardun ohis. Takardar ohis ba a ɓatar da ita sai kwamiti ya zauna. Mutum uku, su gani da idonsu, su sa hannu."

Na ce, "Ranka ya daɗe, mi za su gani? Abin yana cikin ƙarhe."

Ya ce, "Sai a hito da shi a takarda su gani."

Na ɗauka wasa yake yi. Ba wasa yake yi ba. Ya kuma yi iya ƙoƙarinsa ta wani ɓangaren, don kada in zalunce shi. Ya tafi gidan waya ya yi ta neman Kaduna, da ƙyar ya samu. Aka ce masa Tomas ya bar aiki ya koma Legas, wanda ya gaje shi wani Ernest ne, yana rangadi, zai zo in ya zagayo. Wanda ya ɗauki wayar ya ce ai a goge kawai. Alhaji ya ce a rubuto masa haka a takarda. Mutumin ya ce wannan ba hurumin teburinsa ba ne.

Haka muka fara bugawa. Injin bugawar yana da wata ƙara mai shiga haƙori, tun safe yake farawa har a tashi, in wuta ta ɗauke a huta, ta dawo a ci gaba. Abin da ke fitowa ba magana ba ce, lambobi ne da haruffa a cakuɗe, layi bayan layi, babu mai iya karanta ko ɗaya. Ilu masinja, tsoho mai ciwon baya, shi ke yagar takardar yana ninkewa yana ɗaurewa da igiya yana jerawa a baranda. Ribin ɗin injin, wato ƙyallen da ke riƙe tawada, ya koɗe, Maman Alfred ta jiƙa shi da tawadar hatimi da ɗan man keken ɗinki, hannayenta suka yi baƙi har gwiwar hannu. Takarda ta ƙare, aka aro daga wani ofis. Ni kuma na bar rugage, na zama mai zaman jiran injin, takardun Ɗantutture suna cikin jakata sun fara laushi don yawan taɓawa.

Ranar da motar hedikwata za ta zo karɓar faifai tana ta matsowa. Na samu Maman Alfred ita kaɗai, na ce mata tunda canza lamba ba ya cin wuri, ta ɗauki adadin shanun Ɗantutture ta ƙara a kan na Kutawa. In allura ta zo, ni na san yadda zan raba.

Ta dube ni da idanun da suka yi ja don kallon allo. Ta ce, "Malam Sabitu, ka san ina jin tausayin mutanen nan. Amma in na ba Kutawa shanun da ba nata ba, ran da aka zo bincike sunan wa za a gani a ƙasa? Kai ɗan gari ne, kana da gona. Ni in aka kore ni, ina zan kai yaran?"

Na fita na hau babur na tafi Kurfi ɗauko ɗaya daga cikin mutum ukun kwamitin, Ɗanmusa, mai kula da ma'ajiyar magani ta can. Na same shi, na roƙe shi, na goyo shi har Dutsin-Ma. Ya zagaya ɗaurin takardun da ke baranda yana taɓa su da ƙafa, ya zaro ɗaya ya juya ta sama ya juya ta ƙasa. Ya tambaya ko duka ke nan. Maman Alfred ta ce ko kwata ba a kai ba. Ya ce shi ba zai sa hannu a kan abin da bai gama gani ba, in an gama a aika masa. Sannan ya tambaya ko akwai wanda zai mayar da shi Kurfi.

A ranar na ɗaga wa Alhaji murya, abin da ban taɓa yi ba. Na ce muna ofishin lafiyar dabbobi, mun kwana biyu muna jinyar ƙarfe kada ya kamu da cuta, dabbobin kuma mun bar su a fili. Na ce kalma ɗaya ce a bakinsa, ya faɗe ta kowa ya huta. Ya bar ni na gama. Ya ce, "Zauna, Sabitu." Na ƙi zama. Ya ce, "Kana ganin ban san mi ke tahe ba? Na sani. Amma na taɓa yin abin da hankali ya ba ni, na ga inda ya kai ni. Babu wanda ya zo ya tsaya mini ran nan." Ya jawo takarda ya rubuta wa hedikwata doguwar wasiƙa da hannunsa, ya haɗa da kwafin ƙidayata, ya roƙi a karɓi Ɗantutture a rubuce saboda lalura.

Mota ta zo, ta ɗauki faifai da wasiƙar. Daga baya direban ya gaya mini akawun da ya karɓa ya sa faifan a na'ura, wasiƙar kuma ya jefa ta a tiren wasiƙu, ya ce za a duba.

Allura ta iso cikin akwatunan ƙanƙara, kowace gunduma da sunanta a jiki, daidai adadinta, babu ƙari. Na yi wa shanun Dabawa, na yi wa na Kutawa, na yi wa na ko'ina. Na Ɗantutture babu. Duk ran da na bi ta wajen Kurfi sai Alu ya aiko a tambaye ni, ni kuma in ce ana hanya, don har lokacin ina sa rai da wasiƙar. Na gaji da faɗar wannan kalmar har na koma canza hanya.

Bayan an cire amfanin gona ciwon ya shigo, ta kan wasu shanu da aka sayo a kasuwa. Inda aka yi allura ya ɗan taɓa ya wuce. A Ɗantutture ya zauna. Saniya za ta fara tari, ta tsaya ta buɗe ƙafafun gaba tana nishi, ta daina cin ciyawa, sai a kira mahauci tun tana da sauran nama. Na kwashi abin da nake da shi na magani na yi ta kaiwa, amma magani bayan ciwo ya kama huhu ɗan jinkiri kawai yake sayowa.

Ana cikin haka Ernest ya iso, mutum mai fara'a da son hira. Ya zo da takardar izini daga hedikwata mai hatimi. Alhaji ya karanta ta sau biyu, ya sa a fayil, ya cire takalmi ya shiga ya buga kalmar da yatsa ɗaya. Kafin shayin da Ilu ya kawo wa baƙon ya huce an gama. Ernest ya gyara Maigadi yadda zai riƙa zubar da tsohon rahoto da kansa, ya juyo yana dariya ya ce yanzu ko shanun jihar Katsina gaba ɗaya aka kawo za su samu wuri. Babu wanda ya taya shi dariya. Takardun da muka buga kuwa sun riga sun zama takardun ofis, ba a iya ƙona su sai kwamiti ya zauna, don haka aka fitar da kantar magungunana daga sito aka jera su a wurin.

Da aka buɗe sabuwar ƙidaya, na ɗauki jakata na nufi Ɗantutture. Na yi sallama, Gogo ta amsa a taƙaice ta shige bukka. Alu ya shimfiɗa mini tabarma, ya sa aka kawo nono a ƙwarya, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya kamar babu abin da ya faru. Ya rame ƙwarai. Na yi masa jaje, ya ce Mai su ne Ya karɓa.

Can ya ce, "Dama ina son ganinka. Alfarma ɗaya nike nema. Ka je ka hidda min shanuna daga cikin na'urar nan taku. Gogo ta ce muddin lissahinsu na ciki, sauran ma ba za su tsaya ba. Ni ban sani ba, amma ka hidda su hankalinta shi kwanta."

Na ajiye ƙwaryar. Na ce, "Baba Alu, ba su taɓa shiga ba."

"Ba su shiga ba?"

"Babu wuri a lokacin. Shi ya sa allurar ba ta zo ba."

Na yi ƙoƙarin yi masa bayanin Maigadi da kwamiti da takardu, ina yi ina jin yadda maganar ke fita daga bakina ba ta da kai. Ya saurara har ƙarshe, bai katse ni ba.

Ya ce, "Ke nan an ƙirga su, sun mutu, can kuma ba a ma san da su ba."

Na ce haka ne. Na ce amma yanzu an gyara, wuri ya samu, in ya bari na sake ƙirgawa bana wallahi babu abin da zai hana allura zuwa. Wannan karon gaskiya ce tsantsa nake faɗa, kuma na san babu dalilin da zai sa ya yarda da ita.

A daidai lokacin shanun suka dawo daga kiwo. Garken da a da sai na hau kan tudu kafin in ga ƙarshensa, yanzu daga inda nake zaune ina ganin gefe da gefe. Sun yi ƙarancin da ido ke ƙirga su da kansa ko mutum bai yi niyya ba. Alu ya lura da inda idona ya tafi. Ya miƙe a hankali, ya dogara sanda, ya zo ya tsaya tsakanina da su.

Ya ce, "Sha nononka, Malam Sabitu, yamma tana yi. Ka gaida min mutanen gida."

Na bi sauran rugagen ɗaya bayan ɗaya a makon. Ko'ina an ba ni tabarma, an ba ni nono, an raka ni har bakin hanya, amma babu inda aka bari na ƙirga. Da na koma ofis Maman Alfred ta riga ta buga sunan Ɗantutture a saman allo tana jirana, ta miƙo hannu in ba ta takardun. Na buɗe jakar na nuna mata takardun, babu lamba ko ɗaya a kansu. Ta juya ga allon, ta kwafe sauran gundumomin a faifai ta sa a ambulan, don motar Kaduna tana waje.